Baƙar jakar gyaran faiba ta Adum: inda take aiki da inda take gazawa

Kusan duk shagon da ke sayar da kyamarar tsaro da kayan intanet a Adum, cibiyar kasuwancin birnin Kumasi a Gana, musamman ta wajen PZ, yana da wata baƙar jaka mai zif a ajiye. Ba ta da tsayayyen suna, yau wannan tambari gobe wancan, amma kayan cikinta kusan ɗaya ne, kuma daga Chaina ake kawo su. Idan aka zuge za a ga kiliba ta yanka gilashin faiba (siririn zaren gilashi da ke ɗaukar intanet ta hanyar haske), mitar auna haske, jar tocilar leza mai siffar biro, filaya biyu na fere kebul, almakashi, 'yar kwalbar sifirit da ba komai a cikinta, da ɗan ma'aunin tsawo na roba. Wasu masu shago suna haɗawa da konekta goma irin na ɗaurawa da hannu, wato kan da ake sa wa ƙarshen faiba don a cusa ta a modem. Da ita yaran Aboabo da Asawase da Sawaba ke fara aikin faiba, domin kuɗin injin waldar faiba, ko da mafi arahar ne, zai sayi jakar nan ninkin-ba-ninkin.

Kwalliya tana biyan kuɗin sabulu idan aikin na cikin ɗaki ne, ko na ƙarshen kebul inda zai shiga modem, ko layin da mutum ya ja wa kansa tsakanin gini biyu. Idan kuwa kebul ya tsinke a sararin sama tsakanin falwaya da gida, jakar za ta iya dawo da intanet a ranar, amma ba gyaran da za a juya baya a manta da shi ba ne. Kayan cikinta ma ba darajarsu ɗaya ba. Mitar ta fi kuɗinta, tocilar ba laifi, ita kuwa kilibar sa'a ce, kuma a kanta duk aikin ya rataya.

Tun kafin a zuge jakar, a dubi fitilun modem. Idan mai saye ya kira ya ce, "Masta, intanet ya ɗauke," tambayar farko ita ce wace fitila ce ta canza. Fitilar da aka rubuta wa LOS idan ta yi ja tana ƙiftawa, haske ne ba ya isowa, ko kuma wanda ke isowa ya yi rauni ƙwarai. Nan ne ake zargin kebul. Idan PON tana kore a tsaye, LOS a kashe, amma shafuka ba sa buɗewa, faibar gidan lafiyarta ƙalau. Ranar 14 ga Maris 2024, da kebul huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Yammacin Afirka, intanet ya durƙushe a Gana alhali kebul ɗin gidajen mutane bai yi komai ba. Haka nan idan maƙwabta biyu ko uku duk LOS ɗinsu ta yi ja a lokaci guda, babban layi ne ya yanke, galibi inda ake aikin titi ko haƙar kwata, abin da kamfanonin sadarwa a ƙasar nan suka daɗe suna kuka da shi. Jaka ba ta da ta cewa a nan.

Akwai kuma maganar mai abu. Layin da MTN ko Telecel suka ja wa gida nasu ne, tare da akwatin da ke kan falwaya, kuma su ya kamata a fara kai wa rahoto. Kada a buɗe akwatin nan. A cikinsa akwai na'urar da ke raba haske ɗaya ga gidaje da dama, wanda ya zare igiya ɗaya bisa kuskure ya kashe wa maƙwabcinsa layi. Falwayoyin ma yawanci na ECG ne, kamfanin wutar lantarki, da wuta a samansu, kuma kebul ɗin faiba na waje yana ɗauke da wayar ƙarfe wadda lantarki ke bi sarai.

Mitar ita ce abin da ya fi amfani a jakar. Tana da zaɓin tsawon zangon haske a nanomita: 850, 1300, 1310, 1490, 1550, wasu har da 1625. Faibar gida a tsarin GPON, wanda kamfanoni ke kai faiba gidaje da shi, tana kawo haske a 1490, modem kuma yana mayarwa a 1310. Saboda haka idan za a auna abin da ke isowa gida, a sa ta a 1490. Yawancin modem an ƙera su ne su yi aiki tsakanin -8 da -27 dBm, ma'aunin ƙarfin haske. Lambar tana da alamar ragi a gabanta, don haka -25 ya fi -19 rauni, kuma kowane dB 3 da aka rasa rabin hasken ne ya tafi. Wannan lissafin shi ke faɗa maka irin gyaran da layi zai ɗauka. Gidan da ke samun -19 yana da rarar dB 8, ko ka ɓatar da ɗaya a wajen haɗi ba wanda zai lura. Gidan da dama can yake kan -25, saboda yana nesa ko an raba hasken sau da yawa kafin ya iso, haɗi ɗaya mara kyau zai tura shi bakin rami: da safe yana aiki, da rana ta yi zafi ya fara yankewa.

Ba a tsammanin mitar araha ta yi daidai da ta manyan kamfanoni, kuma ba a buƙatar hakan. Abin da ake nema shi ne ta maimaita lamba ɗaya idan aka cire aka mayar, kuma yawancinsu suna yi. Tana da maɓallin REF: a auna hasken kafin haɗi, a danna, sannan a auna bayan haɗi, ta nuna asarar kai tsaye. Ana iya kwatanta ta da lambar da modem ke nunawa a shafinsa na ciki, bambancin dB ɗaya ko biyu tsakaninsu ba abin tayar da hankali ba ne. Iyakarta guda ce da ya kamata a sani: ba ta iya auna hasken da modem ke turawa, domin modem ba ya magana sai an ba shi izini daga can ofishin kamfani, kuma da ka zare igiyar sai ya yi shiru. Sababbin shiga sukan ɗora mita a bakin modem, su ga babu komai, su ce wa mai gida modem ɗinsa ya mutu. Bakin mitar na milimita 2.5 ne, ya dace da konektan SC da FC. Mai aiki da ƙananan LC sai ya sayi adafta ta 1.25 daban.

Jar tocilar tana fitar da haske na 650, wanda ido ke gani. A jikinta an rubuta 10 mW ko 30 mW da kilomita kaza, kada a ɗauki rubutun da muhimmanci, don aikin cikin unguwa ko mai rauni ta isa. A igiya mai ruwan ɗorawa ta cikin ɗaki, inda gilashi ya karye ko ya lanƙwashe da yawa sai wurin ya yi ja kamar garwashi ta cikin robar. A baƙin kebul na waje kuwa bawon yana shanye hasken, ba za a ga komai ba sai inda ya tsage, shi ma sai da magariba. Abin da ta fi yi shi ne amsa tambaya ɗaya: haske na fita ɗaya gefen ko ba ya fita. A zare kebul daga modem kafin a haska, kuma kada a taɓa cusa wa layin kamfani hasken gwaji na 1310, domin zai toshe maganar duk gidajen da ke kan reshen.

Kebul ɗin da ke shiga gidaje falle ne, milimita 2 a 3 na cikin ɗaki, 2 a 5 na waje mai wayar ƙarfe a gefe. A tsakiya akwai silin faiba ɗaya ko biyu, da sanduna biyu sirara a gefe da gefe masu ba shi ƙarfi. Silin yana da fatar roba mai kaurin maikiron 250. A ƙarƙashinta gilashin yake, maikiron 125, wato milimita ɗaya a raba takwas. Hanyar da hasken ke bi a tsakiyar gilashin kuwa kusan maikiron 9 ce kacal. Duk wahalar gyaran faiba ita ce a sa waɗannan tara-taran biyu su fuskanci juna ba ƙura, ba rata, ba karkata.

Filayar farko, mai faɗin baki, ta fere bawon falle ce, kuma tana yin aikinta. Sai dai a raba wayar ƙarfen da kebul tukuna, a yanke ta da abin yankan waya na daban. Wanda ya yanke ta da filayar faiba ko da almakashin jakar ya gama da su ranar. Filaya ta biyu mai ramuka uku ita ce abin lura, ƙaramin ramin shi ke cire fatar 250 ya bar gilashi tsirara. A na araha ramin yakan zo a matse, sai ya ƙarci gilashin. Ƙarcin ba ya ganuwa, ba ya hana haske wucewa a ranar, sai bayan mako biyu silin ya ɓalle a cikin konekta ba wanda ya taɓa shi. Gwajin mai sauƙi ne: bayan an fere, a sa yatsa a ɗan tanƙwara gilashin hagu da dama, sama da ƙasa. Lafiyayye zai lanƙwasa ya dawo, wanda aka ƙarta zai karye a daidai gindin fatar. Idan ya karye sau biyu a jere, akwai ɗan noti a jikin filayar da ke hana ta rufewa gaba ɗaya, a ɗan juya shi kaɗan a sake gwadawa. A riƙe filayar a ɗan karkace, a ja sau ɗaya a hankali, ba a yi ta kankara ba.

Kwalbar sifirit fanko take zuwa, kuma abin da ake zubawa a ciki yana ɓata aiki fiye da yadda ake zato. Sifirit ɗin da ake kira IPA ake so, mai kashi 99 cikin ɗari, irin wanda masu gyaran waya ke wanke allon na'ura da shi. Sifirit na kemis mai kashi 70 ruwa ya yi masa yawa, yana barin tabo idan ya bushe. Sanitaiza kuwa tana da maiƙo, gara a bar gilashin haka da a shafa masa ita. Takardar gogewa ma a sayi wadda ba ta zubar da gashi, takardar bayi da auduga suna barin zare. Idan gilashin ya wanku, za ka ji yana ɗan ƙara, ƙiiit, a ƙarƙashin takardar. A goge kafin a yanka. Bayan an yanka ba abin da zai sake taɓa bakin, ko takarda, ko yatsa, ko iskar baki.

Sai kilibar. An kwaikwayi siffar FC-6S ta kamfanin Sumitomo ne, wasu har lambar suke bugawa a jiki, amma kamannin a waje ya tsaya. Ba yanka gilashin take yi ba a zahiri. Aikinta irin na mai yankan gilashin taga ne: faifan reza ya wuce ta ƙasa ya ɗan ja masa layi, sannan a danna ya ɓalle a kan layin. Matasan roba huɗu, biyu sama biyu ƙasa, su ke riƙe silin a miƙe lokacin da rezar ke wucewa. Yankan kirki fuskarsa a shafe take, karkatarta ba ta kai digiri ɗaya ba. Idan rezar ta yi sama da yawa sai ta farfasa bakin, idan ta yi ƙasa ba za ta taɓa shi ba, ka buɗe murfi ka tarar da silin yadda ka sa shi. Idan matasan roban ba su daidaita ba, ko guntun gilashi ya maƙale a kansu, yankan zai fito a karkace ko da ɗan leɓe a gefe. Ido ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, mita ce kawai za ta nuna maka asarar dB 2 ko 3 a haɗin da ya kamata ya ci rabin dB.

A cikin kilibobin jakar nan akwai masu yanka tsaf tun daga kwali, akwai waɗanda sai an daidaita tsayin reza da ɗan makullin da ke zuwa tare da su, akwai kuma waɗanda layin da rezar ke gudu a kai yana girgiza, su kam ba su da magani. Araha ba ta ado. Hanya mafi tabbaci ta sanin wadda ka samu ita ce ka kai ta wurin mai injin walda, ka yanka sili biyar ko shida ya ɗora maka a inji. Allon injin yana nuna fuskar yankan a girme, da yawansu har da digirin karkatar. A yi wannan a ranar saye, a kuma yi magana da mai shago tun farko cewa idan ta ƙi za a dawo a canza. A shagon ma ana iya tura keken rezar da yatsa a ji: ya tafi sumul, kada ya yi motsi gefe da gefe. Faifan rezar yana da lambobi a zagaye, 12 ko 16, idan yanka ya fara lalacewa bayan an goge matasan roba da IPA, a sassauta noti a juya zuwa lamba ta gaba. Na asali kowace lamba tana ɗaukar yanka wajen dubu, na jakar nan kada a sa ran haka. Kuma reza sau ɗaya take wucewa. Wanda ya tura ya dawo da ita ta kan silin ya ja layi biyu, ya ɓata yankan.

Duk mai niyyar cin abinci da wannan sana'ar, in zai ƙara kuɗi a abu ɗaya, to ya ƙara a kiliba.

Konektan ɗaurawa da hannu a cikinsa akwai guntun gilashi da aka goge bakinsa tun daga masana'anta, da ɗan kwari mai jel inda naka silin zai je ya same shi. Jel ɗin ne ke cike ratar da ta rage tsakanin gilasan biyu. Kala biyu ne kuma ba a haɗa su. Kore shi ne APC, bakinsa a goge yake a karkace da digiri 8. Shuɗi shi ne UPC, bakinsa a miƙe. Idan aka cusa shuɗi a ramin kore zai shiga, har ya yi ƙas, amma bakunan ba za su haɗu ba, dB da dama za su tafi, kuma ana iya ƙuje su duka biyun. A dubi ramin modem, kalar da ke nan ita za a saya. Masu shago sukan cika jakar da shuɗi don shi ya fi araha.

Ɗaurawar ba ta wuce minti uku ga wanda hannunsa ya faɗa. A fara zura murfin baya a kebul, wanda ya manta sai ya sake daga farko. A fere bawo kamar santimita 5, a kwantar da kebul a ma'aunin roba, a cire fatar silin daga inda ma'aunin ya nuna, a goge, a yanka. Gilashin da zai rage tsirara yawanci milimita 10 zuwa 12 ne, amma kowane irin konekta da nasa tsawon, kuma an zana shi a bayan ledar. A nan jakar ke yaudarar mutane: ma'aunin da ke cikinta ba lallai ya dace da konektan da aka saya daban ba. A bi zanen leda. A tura silin a hankali har sai an ji ya tokare, a ƙara turawa kaɗan har ɓangaren mai fata ya ɗan gantsare a bayan konektan. Gantsarewar nan ita ce shaidar gilasan biyu sun haɗu kuma akwai abin da ke danne su. Tana nan a gantsare za a danna makullin, sannan a rufe murfi. Idan silin ya shige duka bai gantsare ba, ya yi gajere, akwai rata a ciki. Idan ya gantsare da yawa har murfi na danne shi, ya yi tsawo, zai zubar da haske a lanƙwasar. Daga nan a haska jar tocila ta bakin konektan. Haske kaɗan a tagar makullin ba komai, amma idan wurin ya yi jajir, haɗin bai yi ba. A buɗe, a sake yanka. Ledar takan ce ana iya sake amfani da konekta sau da yawa, a aikace bayan buɗewa biyu ko uku jel ɗin ya ɗebi ƙura, a ɗauki sabo. Haɗi mai kyau yana cin dB 0.3 zuwa 0.5.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura kan sauka a bakin gilashi tsakanin kiliba da konekta. A kashe fanka, a rufe taga, idan a waje ne a shiga cikin mota a yi. Kada a cire wa konekta hularsa sai lokacin cusawa.

Tsinkewar tsakiya ita ce inda ake gyaran gangar Auzinawa. A unguwanninmu sababin sananne ne: tifa ko motar kaya mai tsayi ta ja kebul a lungu, masu kafa kanofi na biki ko suna su ɗaga ƙarfe su tokare shi, kafinta ya buga ƙusa wajen canza kwano, kusu ya ci na cikin rufin ɗaki. Na kusu da na ƙusa rauninsu a wuri ɗaya yake. Wanda mota ta ja kuwa ya miƙe kafin ya tsinke, gilashin na iya samun rauni nesa da inda ya rabu, don haka a yanke aƙalla mita ɗaya daga kowane gefe a zubar. Wannan ke kawo matsala ta biyu: babu rara. Ƙarshen biyu ba za su kai juna ba, dole a sa sabon guntu a tsakiya, haɗi ya zama biyu. Da kayan jakar, kowane haɗi konekta biyu ne da adafta ɗaya a tsakaninsu, wato konekta huɗu da adafta biyu, asarar za ta kusa dB 2 ko da hannu mai kyau. Gidan da ke kan -25 ba zai ɗauka ba.

Abin da ya fi wannan, kuma ba ya cikin jakar, shi ne ɗan maƙalin haɗi na hannu, wanda ake zura sili biyu ta gefe da gefe a danne. Shi ma jel ne a ciki, amma wuri ɗaya ake haɗuwa, asararsa ba ta cika wuce 0.1 zuwa 0.3 ba. Ko wanne aka yi, kada a naɗe shi da salatif a bar shi yana lilo. Ruwa zai shiga, rana ta dafa shi, kuma Kumasi damina biyu gare ta. A sa shi cikin ƙaramin akwatin haɗi mai roba a bakin murfi, a ɗaure wayar ƙarfen ta kowane gefe a jikin bango ko maƙali ta yadda ita ke ɗaukar nauyi ba gilashin ba, a bar kebul ya ɗan sauko ƙasa kafin ya hau cikin akwatin don ruwan da ke bin sa ya ɗiga a waje. Ramukan shiga su kalli ƙasa. Rarar da aka naɗe a ciki kada a matse ta. Silin kebul ɗin gida, G.657, yana jure lanƙwasa har zuwa milimita 10 daga tsakiyar da'ira, nau'in A2 har 7.5, amma G.652 na manyan layuka da na wasu igiyoyin ɗaki yana son 30. Tunda ba kullum ake sanin wanne ke hannu ba, a yi da'irar ta kai faɗin santimita 6.

Sau da yawa lissafin yana nuna cewa gyaran ma bai dace ba. Idan daga falwaya zuwa gida mita 40 ne ko 60, kuɗin sabon kebul na wannan tsawon bai fi na konekta huɗu da adafta da akwati da yawa ba, kuma an rabu da haɗin tsakiya gaba ɗaya. Faiba tana cin kusan dB 0.35 ne a kilomita guda a 1310, don haka tsawon kebul ba ya cikin lissafi a irin wannan nisan, haɗe-haɗe ne ke cinye haske. Idan kebul ɗin dogo ne, ko an binne shi, ko mai sili da yawa ne, a kira mai injin walda. Suna caji ne a kan kowane haɗi da kuɗin mota. Injin yana narka gilasan biyu su zama ɗaya, asarar ba ta kai 0.1 ba, sannan a rufe wurin da ɗan kwanson roba mai sandar ƙarfe na milimita 60 a gasa shi. Ba jel da zai bushe. Sai dai lambar da injin ke nunawa, 0.01 ko 0.02, ƙiyasi ce daga hoton da ya gani, ba awo ba ne. A ɗora mita kafin a biya. A kebul mai sili da yawa a tabbata an haɗa kala da kala bisa jerinsu: shuɗi, ruwan lemo, kore, ruwan ƙasa, toka, fari, haka har goma sha biyu. Mai injin nan zai iya walda maka guntuwar igiya mai konektan masana'anta a ƙarshen kebul, wanda ya fi kowane konektan hannu daɗewa.

Idan ba a san inda dogon kebul ya karye ba, musamman na ƙarƙashin ƙasa, babu abin da zai nuna wurin a jakar nan. Aikin OTDR ne, na'urar da ke faɗin mita nawa ne daga inda ka tsaya zuwa karayar. Haya ake ɗaukar ta tare da mai ita.

Inda jakar ta fi samun kanta shi ne layukan da mutane suka ja wa kansu: kyamarori daga get zuwa ofis, makaranta mai gini biyu, masallaci da shagunan gabansa, masu sayar da wayifai a gidajen haya. A nan akwatunan sauya sigina ake sawa a kowane ƙarshe, waɗanda aka yi don kilomita 20, a layin da bai kai mita 500 ba. Rarar hasken tana da yawa, ko an rasa dB 3 ba abin da zai faru. Yawancinsu shuɗin konekta suke karɓa, kuma masu sili ɗaya bibbiyu suke zuwa, A da B, ɗaya na turawa a 1310 ɗaya a 1550. Idan aka sa A da A fitilar haɗi ba za ta kama ba, sai a yi ta yanke konekta masu lafiya ana zargin kiliba.

Hasken 1310 da 1490 ido ba ya ganinsa, ba kuma zai ƙifta don kare kansa ba, saboda haka ba a leƙa bakin faiba don a ga ko akwai haske, mita ake ɗorawa. Guntayen gilashin da kiliba ke zubarwa su ma jakar ba ta zo da mazubinsu ba. Suna shiga fata su karye a ciki, kuma a gidajen da yara ke yawo ba takalmi, ana cin abinci ana sallah a kan tabarma, ba abin da za a bari a ƙasa ba ne. A shimfiɗa baƙin ƙyalle a yi aiki a kansa don a riƙa ganinsu, a ɗauke kowanne da salatif a jefa cikin kwalba mai murfi.

Wanda zai saya ya ware kuɗin abubuwan da ba a sa ba: IPA, takardar gogewa, konekta kore da shuɗi aƙalla goma-goma, adafta na kowace kala, batiran AA ko AAA masu kyau na mita da tocila, akwatin haɗi biyu ko uku, da biron goge bakin konekta na 2.5. Ya kuma sayi mita 10 na kebul ya zauna a ɗaki ya ɗaura konekta yana aunawa, har sai biyar a jere sun fito ƙasa da rabin dB, kafin ya je gidan mutane. A cire batiran tocilar idan za a ajiye ta, maɓallinta yana dannuwa a cikin jaka.